Kwanon Uwar Tagwaye

Gidanmu na unguwar Rumde Ajiya babba ne, wannan ba na musu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya gina shi lokacin da fataucin atamfa ke ci, yana ɗauko kaya daga Yola yana kaiwa har Marwa. Ginin siminti ne, da ƙofar ƙarfe, da zauren da a da ba ya rabuwa da baƙi. Kakanninmu duka fatauci ne ya kawo su Garwa, kuma abin da suka bar mana gado bai wuce biyu ba: ciniki da rufin asiri. Cinikin ya bi maigida kabari. Rufin asirin ne ya zauna tare da ni, ni kaɗai a gidan da ɗakunansa suka fi ƙarfin tsintsiyata.

Ɗana yana Duwala yana fama da nasa, 'yata kuma aure ya kai ta Kuseri. Suna kira, ban ce ba sa kira ba. In sun tambaye ni lafiya in ce lafiya lau, su ma su ce lafiya lau, kowa ya ajiye waya ya koma cikin wahalarsa.

Wadda nake gani kullum ita ce maƙwabciyata, uwar tagwaye. Kirista ce, daga duwatsun bayan Gider, tana haya a ɗaki ɗaya bayan katangata. Mijinta ya tafi aikin shinkafa a Maga, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ya bar ta da yara biyu da wankau. Hausarta ta kasuwa ce, in ta maƙale ta cike da Fulatanci, ni kuma in yi ta gyara mata tana dariya. Tun maigida na da rai nake zuba mata abinci, to bayan rasuwarsa ma ban fasa ba. Kullum da la'asar za ta shigo ɗaukar kwanon, amma ba ta ɗauka ta fita. Sai ta zauna bakin tabarma, ta jawo tiren gyaɗa tana ɓarewa, mu yi ta hira har a kira magariba. Ni na koya mata cewa a wurinmu ba a mayar da kwanon ciyayya wayam. Ta riƙe wannan kamar karatu. Wata rana ta saka 'yar gyaɗa, wata rana damin yakuwa, ranar da babu ko lemon tsami guda ne sai ta jefa a ciki.

Ita kaɗai ta san halin da nake ciki, domin ita ce ke fitar mini da kayan ɗaki zuwa wurin dillaliya, ta ɓoye su ƙarƙashin wanki. Tasoshina na aure, zannuwan gado, har agogon bangon maigida, duk ta ƙofar baya suka fita. Abin da aka samo shi nake dafawa mu raba. Mutanen unguwa kuwa suna ganin hayaƙi na tashi daga gidan Alhaji kullum, suna yi wa rogo kallon kitse.

Ana nan sai jauro, wato mai unguwarmu, ya aiko da sanarwa cewa gwamnati za ta tallafa wa gidajen da suka fi talauci, za a riƙa ba su ɗan abin hannu lokaci-lokaci, kuma ma'aikata za su bi gida-gida su ga halin kowa. Ranar da labarin ya zo, uwar tagwaye ta daɗe tana juya gyaɗa a hannu ba ta ɓare ba. Can sai ta ce:

"Hajja, in sun zo, ki bar gidan yadda yake."

Na tambaye ta yaya yake. Ta ci gaba da juya gyaɗar. Na ce mata ni ba a haife ni a gidan da baƙo zai shigo ya tarar da ƙazanta ba, kuma in ita a dutsensu haka ake karɓar mutane, to a nan ba haka ba ne. Maganar ta yi kaifi, na sani. Ta ɗauki kwanonta ta ce sai da safe.

Da ranar ta zo, tun da hantsi na share tsakar gida, na yayyafa ruwa. Na fito da kafet ɗin da ya rage, wanda na hana dillaliya saboda a kansa maigida ke sallar nafila. Na goge firjin da ya shekara bai yi sanyi ba, na ɗora masa ƙyalle mai ado. Na saka leshina guda da ya tsira, na kunna turaren wuta. Ragowar sukarin da nake lallaɓawa na juye shi duka a butar shayi. Kada wani ya tambaye ni dalili. Baƙonka annabinka, haka aka ce mana, kuma ba a ce ban da baƙon gwamnati ba.

Su biyu suka zo, saurayi da budurwa, da rigunan aiki iri ɗaya, gumi na zuba saboda zafin Garwa ba ya ragawa kowa. Yaran kirki ne, sun cire takalmi, sun durƙusa sun gaishe ni. Yarinyar ce ke tambaya tana danna wata faffaɗar waya, saurayin kuma yana ɗaga kai yana duban bango da ƙofofi. Na ji ya ce mata wani abu da Faransanci game da firjin. Na yi makaranta kaɗan, na gane, amma na yi kamar ban ji ba, har wani daɗi na ji a raina.

Ta tambaye ni sau nawa ake cin abinci a gidan nan a rana. Na ce alhamdu lillahi. Ta yi murmushi ta ce, "Mama, wayar ba ta da wurin alhamdu lillahi, sai kin faɗi adadi."

Uwar tagwaye tana tsaye bakin ƙofar kicin, wai ta zo taya ni zuba shayi. Na ji ta yi gyaran murya. Na juya na yi mata kallo ɗaya, ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Sau uku."

Nama fa? Na ce in mun so. Akwai mai taimaka mini? Na ce ɗana yana Duwala, na faɗe shi da irin muryar da za ka ɗauka jiragen ruwan can duk nasa ne. Da za su tafi na ba su goro, na shafa wa yarinyar turare a hannu. Suka yi godiya, suka ce shayin ya yi daɗi. Ai dole ya yi daɗi, sukarin sati ne a ciki.

Har yau ban ce na yi kuskure ba. An tambaye ni a gaban baƙi, na amsa yadda uwata za ta amsa. Su ma yaran ba su yi laifi ba, abin da aka aiko su dubawa suka duba. Sai dai wanda ya tsara tambayoyin nan bai taɓa zama da irinmu ba. Da ya sani, da ya ce a leƙa tukunya, ko a tambayi maƙwabciya a bayan ido. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma irinmu ba ma nuna wurin, sai dai mu ja gado mu rufe.

Da aka karanta sunayen waɗanda suka samu a ƙofar jauro, ban je ba. Uwar tagwaye ce ta shigo da gudu, ɗankwali a hannu, ta ce an kira sunanta. Wallahi na yi murna, na rangaɗa mata guɗa har tagwayen suka tsorata. Ba ta ce ba a kira ni ba, ni ma ban tambaya ba.

Tallafin ya yi mata rana, wannan gaskiya ce, kuma duk mai cewa kuɗin gwamnati ba ya isa hannun talaka, ni dai na ga inda ya isa. Yaran suka koma lakwal, wato makarantar boko, da takalma. Ta bar wankau, ta fara sarin bandar kifi daga masu kawowa daga Maga tana kasawa a kasuwa. Ga kuma taron da ake kiran su, ana koya musu tattali da kiwon yara, har suka kafa adashe a tsakaninsu. Sai ta zama mai fita da sassafe, ba ta dawowa sai rana ta faɗi. La'asar ta riƙa zuwa tana wucewa, ni da tiren gyaɗa muna kallon ƙofa.

Ban daina zuba mata ba, ina rufewa in ajiye. Wata rana ta zo ɗauka a gajiye, tana ƙamshin hayaƙin kifi, ta ce don Allah in daina wahalar da kaina, yanzu suna da abinci, in riƙa cin abina. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Na ce to.

Abin da ba ta sani ba, ni ma sai lokacin na sani, shi ne saboda kwanon nan nake hura wuta. Wa zai tuƙa tuwo don bakinsa shi kaɗai? Sai na koma jiƙa gari, ko in dama ɗan kunu in sha a tsaye. Wata ranar ma sai magariba nake tuna ban ci komai ba. Kaɗaici ya fi yunwa ciwo, ni na ɗanɗana duka biyun, na san wanda ya fi hana ni sukuni.

Ta lura na rame. Ta ce akwai inda ake kai kuka in an tsallake mutum, za ta raka ni, ita za ta yi shaida. Na tambaya a gaban wa ake faɗa. Ta ce jauro da dattawan unguwa. Wato mutanen da suka ci tuwo a zauren maigidana, su zan tsaya a gabansu in ce ba ni da na cefane. Na ce Allah ya kiyaye. Duk da haka wata safiya na yi wanka na saka mayafi na nufi can. Daga kan kwana na hango matan zaune ƙarƙashin darbejiya ana jiran taro, sun baje tabarmi, uwar tagwaye a tsakiyarsu tana ba da labari da hannu, ana ta shewa. Wata ta hango ni ta ce, Hajja ina zuwa da rana haka? Na ce dubiya. Na wuce su da sauri kamar mai uzuri, na zaga ta bayan masallaci na dawo gida. Ba kuɗinsu ne ya tsaya mini a rai ba, tabarmar ce.

Bayan kwana biyu sai ga uwar tagwaye da yamma da kwano a hannu, sabo fil, mai murfi da zanen fure. Tuwon masara ne da miyar yakuwa, kifi har ya fi miyar yawa. Ta ajiye ta ce tana sauri, ta bar wuta a kunne. Tun da nake ban taɓa karɓar kwano daga hannunta da dafaffen abinci a ciki ba. Na so in yi fushi, yunwa ba ta bar ni ba. Na cinye tas, na suɗe hannu, sannan na zauna na yi kuka.

Na wanke kwanon na goge. Ina da abin sakawa, akwai 'yar gyaɗa a ƙasan tire. Amma sai na yi wata dabara irin ta tsofaffi: na ce ba zan mayar ba. Sabo ne, tana ji da shi, dole ta zo nema. In ta zo kuwa zan ce zauna in juye miki, daga nan hira ta ɓalle kamar da. Kullum da la'asar sai in shimfiɗa tabarma, in ɗora kwanon a gefe da gyaɗar a ciki, in zauna inda zan ga ƙofa.

Ba ta zo ba. Ina jin motsinta ta bayan katanga, ina jin tana yi wa tagwaye faɗa, ina jin ƙarar ƙofarta da asuba. Da na gaji, wata safiya na leƙa ta inda katangar ta gutsure, na same ta tana ɗora tiren kifi a ka. Na ce mata kwanonta fa yana wurina, ta shigo da yamma ta ɗauka.

Ta juyo da fara'arta, hannu ɗaya riƙe da tire, ta ce, "Ayya Hajja, bar shi kawai. Na sayi wasu."

Ta yi mini sai an jima, ta bi layi da sauri don kada a riga ta wurin zama. Na daɗe a tsaye a wurin. Sannan na koma ciki na juye gyaɗar a tire, na naɗe tabarmar, na ɗora kwanon a kan firji. Yana nan har yanzu, nakan sauke shi in goge ƙura in mayar.