Kututturen giginya a ƙarƙashin dammunan gero

Da mahaifinmu ya rasu, abin da ya bar mana shi ne wata gonar giginya a bakin fadama, kusa da Kurawa. Ta zama kurmi, sai ƙaya da macizai. Ni da yayana muka shekara biyu muna sassabe, muna binne ƙwallaye inda tsofaffin suka faɗi, muna korar masu tonon muruci. Da azararta muke fatan rufa wa kanmu asiri.

Sai doka ta zo daga Turawa cewa ba mai sare giginya sai da takardar malamin daji, ko da kakansa ne ya shuka ta. Ni kuwa kunnen ƙashi gare ni. Ɗakin Inna na yoyo, yayana ya tafi cin kasuwar Gatawa, na ɗauki gatari na kayar da wani tsohon namijin giginya, na tsaga azara. A raina na ce wa zai sani?

Bayan kwana uku aka ce malamin daji na zagaye da dogari. Yayana ya riga ya dawo, na faɗa masa abin da na yi. Muka kwaso dammunan gero muka jibga a kan kututturen, kamar shanya muka yi. Ban tuna ba cewa babu mai shanya gero a inuwa, cikin laimar fadama.

Malamin ɗan manoma ne. Da ya iso, ya tsaya ya daɗe yana kallon geron. Ya sa sanda ya ture dami ɗaya, sai ga sara sabo fil.

"Wa yas sare ta?" in ji shi.

Labarin gidan yari da bulala kawai nake tunawa.

Yayana ya dube ni sau ɗaya, ya ce, "Malam, gonar hannuna take. Za ni biyo ku."

Dogari ya tasa shi gaba zuwa wurin alƙali a Isa, a ƙasa, ko takalmi bai ɗauko ba. Ina tsaye, gatarin da ya yi aikin yana rataye a kafaɗata.

Ya yi damina guda a tsare. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin halin ce masa ya yafe mini ba.