Takardar da ke gefen kular miya

Gwamnan da 'yan majalisar jiharmu suka ɗora mana, a gabana aka ƙulla zancensa, a wani gidan haya a unguwar Shisha da ke Makka.

Tuwo nake sayarwa a unguwar Mansur, nan Makka. Ɗan ƙanena, wanda mutanen garinmu suka tura majalisa, ya kira ni ya ce sun zo Umara shi da abokan aikinsa, shinkafar Larabawa ta gundure su. Na yi murna. Kwana uku ina ɗaukar tasi ina kai musu tuwo da miyar kuka, ban ga mai haramar zuwa Harami ba, sai ƙus-ƙus a falo.

Rana ta huɗu bayan azahar, zan ajiye kular miya na ga takarda a shimfiɗe. Ba wanda ya damu ya kawar da ita, don a saninsu ni da bango ɗaya ne. Ba su san cewa ina da jikoki ma na durƙusa gaban matar wani ɗalibi, shekara uku, har na iya karatu ba. Na bi layi da yatsa. Rantsuwa ce da Hausa: za su tsige gwamna da mataimakinsa, su ɗora kakakinsu. Kowa ya sa hannu, gurbin ɗana kaɗai ya rage.

Na ce, "Honarabul, wannan ce Umarar?"

Ya ce, "Gwaggo, doka ta ba mu dama."

"Doka ce ta tura kakarka a baro zuwa rumfar zaɓe? Ni na je gida na tura ta, ƙafarta a kumbure. Ta dangwala maka, ta dangwala wa gwamnan nan. Ka tambaye ta?"

Wani mai ƙaton ciki ya yi dariya. "Hajiya, ke dai zuba mana miya."

Na ce wa ɗana, "In ka sa hannu, ka ci tuwona na ƙarshe jiya."

Ya karɓi biro. Murfin kulata ma ya jawo ya ɗora takardar.

Na fizge murfina, na kwashe tuwon kaf, na raba wa masu shara a bakin titi.

Suka koma gida suka ɗaga hannuwa a majalisa, aka rantsar da nasu. Har yau in ɗan nan ya shigo Makka sai ya aiko mini da turmin atamfa. A ledarsa nake mayar masa.