Ɗakin da ke Maida wa Inna Magana

Yayana magini ne. Shekarar da anka kai shi aikin barikin Bature a Raba, ya dawo Wurno bai da zance sai na siminti. Ɗakin Innarmu kuwa ya tsage tun bayan rasuwar Baba, har hannu ka iya zurawa, ga damina ta matso. Sai yag gina mata soro mai tsawo, yas shafe daɓe da bango da siminti, sumul kamar cikin tasa.

Inna ta zo gani, tat tsaya bakin ƙofa. "Salamu alaikum." Ɗaki yac ce, "...alaikum."

Tac ce, "Mi yac ce?" Ɗaki yac ce, "...ce."

"To, madalla. Ban haifi ɗan da ka maida man magana ba, sai ɗaki? Ba ni kwana ciki." Tak koma tsagaggen ɗakinta.

Ni hwa raina ya ɓaci, don tsoro nike bangon nan ya faɗa mata da ruwan farko. Nic ce ma Yaya, "Kai da Baturenka! Ka gina ma tsohuwa rijiya."

Sai yan nufi soron. Yas shiga yat tafa hannu sau guda, yak karkata kunne, shina karanta bisimilla a ransa don ya ji inda ƙarar za ta mutu. Wai sai da yak kai Rahimi. Awon nasa ke nan, magini guda!

Munka shiga jidon kaya zuwa ciki, wai ko su shanye ƙarar. Kwanonin jerena munka fara kaiwa, abin yaƙ ƙaru, har da wani ziii. Ƙorai ma ba su yi komi ba. Tabarmi sun ɗan taɓa. Da munka rataya gwado biyu da zana a bango, yat tafa yac ce, "Rahmani." Buhunan albasa sun fi kowa aiki, amma nic ce in shina son Inna ta kwana tana hawaye, bisimilla. Maƙwabta na leƙe suna tambaya ko biki anka soma, tafi ba kiɗi.

Ranar da hadari yah haɗo daga wajen Goronyo, saura kaɗan ƙarar ta mutu. Yaya yad ɗauko buzun Baba, wanda ba mai taɓawa, yar rataya shi daura da ƙofa. Yat tafa. Ko "Bis" bai kai ba.

Nij jawo Inna da tsiya, iska na ɗaga mata zane. Tay yi sallama. Shiru. Tas sake. Shiru.

Nic ce, "Kin ji, Inna? Ya koyi ladabi."

Ba ta yi dariya ba. Tad daɗe tana kallon bango, sannan tac ce ma Yaya, "Sauko da buzun ga. Na salla ne, ba na bango ba."

"Inna, zai koma amsawa hwa."

"Shi amsa. Tun da ubanku yat tafi nike sallama a ɗaki ba mai amsa man."

Yas sauko da shi, tash shimfiɗa a ƙasa taz zauna. Ruwa yas sauko kafin la'asar, kuma a ruwan nan tsohon ɗakin yaz zube. Har tab bar duniya, ko daga bayan gida tad dawo, sai ta tsaya bakin ƙofar ta yi sallama, ta jira.