Masai ya kalli gabas

Jama'a, yau saura ƙiris a kore ni daga koyon aikin pampo, kwana uku kacal da farawa!

Kun san tun da na bar lakwal, wato makaranta, nake kallon bidiyon haɗa tiyo a waya. To yau patron, wato maigidana a wurin aiki, Malam Issuhu, ya kai ni wani sabon gida a hanyar Safo. Ya ce in kafa kwanon masai kafin ya dawo daga kasuwa, wai da shi zai gane ko zai riƙe ni. Na auna, na haɗa tiyo, na zuba siminti. Na kwara ruwa ya wuce sumul, ko ɗigo babu!

Sai ga Hajiya mai gidan ta leƙo. Ko tiyon ba ta duba ba. Ta ce, "Ɗana, in mutum ya tsuguna nan, ina ya kalla?"

Na tsuguna in gwada. Wayyo, alƙibla sak!

A haka patron ya shigo ya iske ni tsugune. Ya ce, "Baturen cikin wayarka bai san gabas ba ko? Ciro kwanon kafin siminti ya kama. In ya tsage, gona na jiranka."

Awa guda ina ƙwaƙule siminti, Hajiya na tsaye a kaina. Kwanon ya fito ko tsagewa bai yi ba! Muka juya shi kudu. Patron ya ɗauki jakarsa ya ce, "Gobe ƙarfe bakwai."

Har yanzu na kasa zama don murna. Ku fa, wace kwaɓa kuka yi a satinku na farko?