Buzun da Malam ya bar mini a jiƙe

Duk wanda ya san Malam, a Jarwal ko nan Kudai, unguwanninmu na Makka, ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara gaisawa da takalminsa. Kana miƙa masa hannu, idonsa yana ƙasa. In kuwa jakar fata ce a kafaɗarka, sai ya ce, "Ara mini." Ya kai ta hanci, ya ja numfashi kamar mai zaɓen turare, sannan ya yanke hukunci. In ta yi masa, ya ce, "An jeme." In ba ta yi masa ba, ya ce, "Wannan ba jeme ta aka yi ba, tsorata ta aka yi."

Ko surukinmu bai tsira ba. Ranar da ya fara zuwa gaishe mu, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, baƙi wul yana sheƙi. Malam ya faki ido ya ɗauka ya sansana, ya shigo mini ciki fuska a ɗaure. Na ce shi ke nan, auren 'yarmu ya lalace.

"Yaron kirki ne," in ji shi. "Amma an cuce shi. Roba ce."

Ni ban taɓa kiran sunansa ba tun da aka kai ni ɗakinsa, ba kuma zan fara yanzu da yake kwance ba. Ku kuna ce masa Baba Majemi, ni Malam nake cewa. Ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ce ke rubutawa ina faɗa. In kun ga magana ta tsinke a wani wuri, kuka ne ya ci ƙarfina muka dakata.

Da yawanku a majemi kuka san shi, amma asalinsa mai ɗana tarko ne daga ƙasar Damagaram. Tarkon nan ne ya ciyar da mu a hanyarmu ta zuwa Makka, tun daga Chadi har Sudan: zomo, gada, damo, wata rana har mesa. Sauran masu tarko su feɗe, su shanya, su sayar wa dillali a ɗanye, su ƙara gaba. Shi kuwa ina! Sai ya jiƙa, ya kankare, ya daka bagaruwa, ya tsoma, ya zauna yana jira. Sau biyu abokan tafiya suna barin mu a wani gari saboda fata guda ba ta nuna ba.

Na ce, "Malam, ka sayar mu tafi mana, kowa haka yake yi."

Ya ce, "Dabba ta tuɓe rigarta ta ba ni, ni kuma in sallame ta tana wari? Ɗanyar fata rabin amana ce."

A hanyar nan ne na fara roƙonsa abin da na yi ta roƙo har tsufa. Ina salla a kan wata yagaggiyar tabarma, ga shi yana gyara fatar tunkiya da gashinta, mai laushi. Na ce ya yi mini buzu in riƙa salla a kai. Ya ɗaga fatar ya duba ta a rana, ya girgiza kai.

"Za a yi miki, 'yar mutan Damagaram. Ba dai wannan ba, wuƙa ta taɓa ta a wuya."

Ku riƙe maganar nan, don kowace shekara sai na ji irinta.

Da muka iso Makka, mai masaukinmu ya ga tarkon ƙarfe a cikin kayanmu, ya dafe kai. Ya ce nan garin ba a farauta, ba a ɗana tarko, ko tsuntsu ba a firgitawa. Malam ya san hukuncin, amma jin sa a kunne daban ne. Ya kafa ƙusa a bango, ya rataye tarkon. Bai sake sauke shi ba sai ranar Juma'a, ya goge shi da mai ya mayar. Kuma kun san tattabarun garin nan ba su da kunya. Su sauka a gabansa, ƙosassu, har su taka masa ƙafa. Sai ya dube su ya haɗiye yawu ya ce, "Ku gode wa Allah da unguwar da kuka samu."

To, tunda an hana shi tattabara, sai ya koma wa kashinta, don da shi ake tausasa fata. Kullum da hantsi ya ɗauki buhu da tsintsiya ya bi lungunan Jarwal yana tarawa. Wata rana wata mahajjaciya daga gida ta tsaya tana kallonsa, ga dattijo da farin gemu yana ƙulla kashin tattabara da girmamawa.

Ta ce, "Malam, don Allah maganin mene ne?"

Ya ce, "Duk abin da ya yi tauri, Hajiya, in aka jiƙa shi da wannan kwana biyu sai ya yi laushi."

Ta waiga hagu da dama, ta rage murya ta ce, "Ƙulla mini na maigidana."

Da ya dawo yana ba ni labari, na ce ai da ya taimake ta, ni ma ya ƙulla mini nawa. Ranar bai ci tuwona da daɗi ba.

Lokacin Hajji yakan je Mina dakon kayan alhazai, kamar kowa. Amma ransa yana gida, wajen ragunan layya na maƙwabta. Haka kuma duk gidan da aka yi suna, shi ne farkon zuwa, kuma ba wajen addu'a yake zama ba, yana tsaye a kan mahauci. "A hankali! Sa hannu, ajiye wuƙar, ba gaba kuke yi da ita ba!" Ranar sunan jikanmu na fari, sai da ya gama shimfiɗa fatar ragon a inuwa sannan ya zo ya ɗauki jaririn. 'Yarmu ta yi fushi ta ce, "Baba, jikanka ne fa!" Ya ce, "Shi ai zai jira ni. Ita kuwa kafin la'asar ta lalace."

Ranar ma na ce, "To ga ragon jikanka, a yi mini buzun." Ya shafa gashin ya ce ragon ya yi ƙaiƙayi, akwai tabo a ƙugu. Aka jeme, aka ba limamin unguwa.

Babban abokin faɗansa shi ne Alhaji Idi, mutumin Sakkwato, amininsa tun Sudan. Shi ma fata yake yi, amma tasa hanyar gajeriya ce: ya tara, ya barbaɗa gishiri, ya loda a mota zuwa Jidda, kalas, shi ke nan. Kullum bayan la'asar suna zaune a ƙofar amararmu, wato benen da muke haya, da shayi, kuma kullum maganar ɗaya ce.

"Kai dai wahala ka ka so," in ji Alhaji Idi. "Masu saye ɗanya su ka so, suna da injinansu. Kai ka yi wata guda kana warin bagaruwa, ni na yi lodi huɗu."

"Lodin me? Kai ba ɗan fata ba ne, ɗan gishiri ne."

"Gishirin shi ya aurar da ɗiyana ukku."

"Shi ya sa surukanka duk roba suke sawa."

Gaskiya dai, tsakani da Allah, Alhaji Idi yana da hujja, kuma ni a bayansa nake. Wata shekara ya lallashi Malam suka tafi Jidda tare, wai ya nuna aikinsa ga mai sayen. Malam ya zaɓi mafi kyau guda goma, ya naɗe su a farin ƙyalle kamar kayan lefe. Mutumin ya juya su, ya ce sannu da aiki, amma da a ɗanye aka kawo da ya saya, waɗannan an riga an taɓa su, injinsa ba abin da zai yi da su.

An taɓa su! Alhaji Idi ya ce Malam miƙa hannu kawai ya yi ya ɗauki jakar mutumin daga kan tebur, ya kai hanci, ya ajiye a hankali, ya dube shi da tausayi ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri." Ya naɗe kayansa suka fito. Tun daga ranar bai ƙara sayar wa kowa ba sai wani tsoho mai ɗinkin takalma da masu neman buzu.

Masu neman buzu! Kowa ya samu a garin nan sai ni. Har mai amararmu, da ya hau bene yana faɗa cewa masu haya sun kai ƙarar wari, ko a daina ko mu tashi. Malam ya bar shi ya gama, ya dubi yadda yake dafa gwiwa, ya shimfiɗa masa buzu ya ce ya ɗan durƙusa ya ji. Bawan Allah ya durƙusa, ya daɗe bai tashi ba. Da zai sauka, buzu a hammata, ya ce, "Ya Hajji, ka dai riƙa rufe robar da kake jiƙa fata." Ni ina bayan ƙofa ina cizon yatsa, don wannan buzun na riga na sa masa rai.

Na ce, "Malam, ni gwiwata ƙarfe ce?"

Ya ce, "Wancan gashinsa bai kwanta ba. Na mai amara ne."

Na daina tambaya. Na sayi darduma a kasuwa, ya sansana ya ce ko magana ba zai yi ba.

Layyar da ta wuce ya sayo rago fari tas, ba ɗigo ko ɗaya. Bai yarda mahauci ya taɓa shi ba, da kansa ya feɗe, yana hutawa yana ci gaba. Ya ɗaga fatar ya duba ta a rana, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "To. Wannan za mu gani." Ya wanke, ya kankare, ya tsoma ta a bagaruwa. Kwana biyar bayan haka ƙirji ya kama shi a kan matakala, aka kai shi asibiti.

Ranar da zai rasu ya yafito ni da hannu. Na sunkuya ina kuka, ina jiran wasiyya, ko ya ce in yafe masa, ko ya ce in riƙe yara. Ya ce, "Ki riƙa juya ta safe da yamma."

Na ce, "Malam, wa?"

Ya ce, "Fatar. Taki ce."

Wayyo Allah. Dakata mini kaɗan.

Ranar addu'ar uku Alhaji Idi ya tsaya daga bayan ƙofa ya yi mini gaisuwa. Ya ce ya ji akwai sauran fata a sama, in bari ya ɗauke ta, tunda rabin jima ba ta sayuwa kuma za ta dame ni da wari ina takaba. Ni da na yi shekara da shekaru ina goyon bayansa, sai na ji bakina ya ce, "Alhaji, ɗanyar fata rabin amana ce." Sai na ji yana fyace hanci, ya sauka.

Na hau bene na buɗe robar, na tsaya ina kallo, ban san ta inda zan fara ba. Ashe na sani! Duk abin da na yi ta yi masa mita a kai, ya zauna mini a ka. Na san launin ruwan in ya tsufa, don ni ke faɗa in ya zubar mini a kan shanya. Na san yawan man da ake shafawa, don daga kwalbata yake sata. Abu ɗaya ya rage, bagaruwa ta ƙare, ni kuma ba na fita. Ban gaya wa kowa ba. Washegari na tarar da buhu a bakin ƙofa, an ma daka ta. Maƙwabciyata ta ce ta ga ɗan gishiri yana sauka da sauri kamar wanda ya yi sata.

Na juya safe da yamma. Na tsame, na shanya a inuwa, na shafa mai, na murza har hannuna ya yi kanta. Ina murzawa ina yi masa faɗa, ina ce masa ka ga, har bayan ranka sai da ka sa ni warin nan.

Da na fita takaba na sa aka kira Alhaji Idi, na miƙa masa buzun. Ya juya shi, ya shafa gashin, ya duba wuya. Sannan ya kai hanci, ya ja numfashi, ya rufe ido. Hawaye na bin gemunsa ya ce, "An jeme."

A kansa nake zaune yanzu. Akwai wuri ɗaya ta gefen wutsiya da ya ɗan yi tauri, na san da yana nan da ya ce na mai amara ne. Tarkon yana nan a ƙusarsa, ranar Juma'a nakan goge shi. In na yi sujada, ɗan ƙanshin bagaruwar nan ke fara tarbata, sai in ji kamar ya shigo ne ya tsaya yana duba takalman baƙi.

Ya Allah, bawanka ne, bai taɓa sallamar aiki rabi ba. Ka cika masa rahamarka. Ka tausasa masa makwanci fiye da yadda ya tausasa wa mutane wurin sujada, ka yafe masa, ka yafe mini mitar da na yi masa. In lokacina ya yi, ka sada ni da shi, ko da warin ne, ina so. Amin.