Inna ba ta ga tafiyar Walida ba

Assalamu alaikum. An daɗe ba a ji ɗuriyata a nan ba. Masu turo saƙo suna tambaya ko lafiya, ku yafe ni. Ina gani, bakina ne ya yi nauyi.

'Yata Walida ce ta ƙi tafiya.

Ita ce ta fari a wurina. Tana jaririya ta yi shawara, idanunta suka yi rawaya. Aka ce mu riƙa fito da ita hantsi, muka yi, har ta washe, muka manta.

Zama ma a makare ta yi shi. Ba ta yi rarrafe ba, sai jan gindi. Ta shekara, ta doshi biyu, sa'o'inta a unguwarmu a Gwaram suna ta guje-guje. Ita kuwa in ka tsayar da ita sai ƙafafun su sandare, su harɗe, ta dogara a kan yatsu ta fashe da kuka.

Kowa ya ce nauyin ƙafa ne. Babanta ya sa kafinta ya yi mata keken koyon tafiya, ko kallonsa ba ta yi ba.

Wata rana a gidan suna na ji wata mata, ba ta san ina bayanta ba, tana cewa, "Anya yarinyar nan mutum ce? Irinsu fa 'yan ruwa ne." Na goya 'yata na fito, ko abinci ban tsaya karɓa ba. Daga ranar na daina shiga taro.

Mahaifiyata, Inna, ta zo ta tarar da ni ina kuka. Ta ce, "Sadiya, kukan ya isa haka. Gobe ki shirya, asibitin Birnin Kudu za mu."

Yankar kati, layi, awon jini, hoton ƙugu. Likita ta lanƙwasa ƙafafun, ta miƙar, sannan ta ce, "Ta yi shawara tana jaririya?"

Na ce, "E, ta yi."

Ta ce, "Shawarar ce ta taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ƙafafu. Ba iska ba ce, ba kuma laifinki ba ne."

Na ce, "Za ta yi tafiya?"

"Ba zan yi miki alkawari ba. Amma akwai fata, in kun jure zuwa gashin ƙashi."

Gashin ba na wuta ba ne, motsa gaɓoɓi ne, duk mako. Ga kuɗin mota, ga takalmin riƙe ƙafa da sai a Kano aka samo. Babanta ya sayar da wakensa tun kafin ya yi daraja.

Ana cikin haka na samu ciki mai laulayi, ko zaman mota ba na iyawa. Inna ta tattaro kayanta ta dawo gidanmu. Tsohuwa da hawan jininta, ita ke goya Walida ta hau bas zuwa Birnin Kudu, ta dawo ta shimfiɗa tabarma ta maimaita duk abin da aka nuna mata. Walida na tsala ihu, ni ina toshe kunne a ɗaki, Inna na cewa, "Yi kukanki, ƙawata, ƙafar nan dai sai ta taka."

A hankali ta fara tsayuwa da bango. Inna ta ce, "Saura ƙiris."

Bayan ƙaramar sallah Inna ta faɗi tana alwala. Ɓarin jikinta ya shanye. Asibitin da take kai jikarta, can muka kai ta, can Allah Ya karɓi abarSa.

Ba a yi arba'in ba, ina wanki a tsakar gida, Walida na dafe da turmi. Na ɗago kai sai na ga ta saki. Tana tangaɗi, tana jan ƙafar hagu, ta nufi ɗakin da Inna ke kwana. Ta kama labule ta leƙa, ta ce, "Inna, ga ni."

Na zauna daɓas a cikin ruwan wankin. Maƙwabta da suka jiyo kukana sun zaci wata rasuwar aka yi.

Yanzu tana tafiya. Tana ɗingishi, tana yawan faɗuwa, gashi ma ba mu daina ba. Alhamdulillah.

Na gode wa ma'aikatan sashen gashi da haƙurinsu, da babanta da bai taɓa jin kunyar saɓa ta a kafaɗa ya fita da ita ba.

Iyaye, yara da yawa kan makara kuma su tashi lafiya lau. Amma in jariri ya yi shawara, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya ga hantsi. In yaro ya kai shekara da rabi bai taka ba, ko ƙafarsa na sandarewa, a je a duba. In kuma kun ga irin yaran nan a goye, ku yi wa uwar sannu kawai, ya wadatar.

Wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi wa Inna addu'a. Sunanta Hajara.