Gaiwar da Na Jiƙa a Bakin Dam

Duk wanda ya zo neman wawan wannan labari, ya huta, ga ni. Ni ɗin nan da na yi firamare har aji huɗu a Kabo.

Mai ɗakina ce ta tashi daga zazzaɓi, bakinta ɗaci. Tuwo ta ce a'a, fura ta ce a'a. Abu ɗaya take marmari: romon gaiwa, kifin nan mai kwanciya cikin busasshiyar laka duk rani ba ci ba sha. Na saɓi fartanya na nufi fadamar Masanawa, na yi ta haƙa har Allah Ya ba ni curi guda, tana dunƙule a ciki kamar tsohuwar igiya. Na buga waya gida na ce a ɗora tukunya.

Nan ilimina ya motsa. Na ce bai dace mutum irina ya shiga gida da laka ba. Na ajiye curin a ruwa mara zurfi a bakin dam don ya jiƙa, na tafi sallar azahar, na ɗan taɓa hira da masu noman rani.

Da na dawo lakar ta narke. Jama'a, ban taɓa ganin tashi daga barci mai kyan wannan ba. Wutsiya ce ta fara karkaɗawa a hankali. Sai lanƙwasar ta taho tun daga wuya, ta bi jiki ta fice ta wutsiya, kafin ta ƙare wata ta biyo. 'Yan siraran hannayenta kamar zare suna dafa taɓo, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta ɗago ta shaƙi iska. Hannuna na kusa da ita, wallahi, amma na ce bari in ga ɗaya kuma. Ɗayar ce ta kai ta zurfi.

A tsakar gida na tarar da mai ɗakina zaune kan tabarma, an daka yaji, tururi na tashi. Baki ya kasa bayani, sai na tattare riga na shiga gwadawa da ƙuguna, dama, hagu.

"Haka ta yi, Hajiya. Kin ga ikon Allah?"

Ta kalle ni har na gama.

"Lallai ka iya, Malam. Ruwan ya riga ya tafasa, sai ka shiga."